Juyi nawa ya kamata a bai wa inji da asuba kafin baƙin mai ya yi zafi?

Mai Hilux, Ngawundare

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, kuma shigowar hunturun bana ce ta sa na ga ya dace in kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sanin ƙarfe.

Ina tuƙa Hilux ta shekarar 2010 mai injin dizal samfurin 2KD da turbo, kuma sana'ata ita ce ɗaukar kayan 'yan kasuwa da jirgin ƙasa ya sauke a tashar Ngawundare in kai su Garwa, wani lokaci har Marwa. Yawanci akan yi mini lodi tun da yamma, motar ta kwana a ƙofar gida da kayanta, ni kuma in kama hanya da zarar an sallame sallar asuba domin in sauka gangaren Falez kafin manyan motoci su cika titi. Duk wanda ya taɓa kwana a garin nan a watan Disamba ko Janairu ya san sanyinsa ba irin na Garwa ba ne, domin muna zaune a kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,000, kuma akwai safiyar da ma'auni kan nuna digiri 12 ko ƙasa da haka, har man ja ya daskare a cikin kwalba.

Gidana yana cikin kwari, kuma kafin in hau kwalta sai na haura wani tudu da bai wuce mita 500 daga ƙofar gida ba. Idan na hau shi da giya ta biyu, agogon juyin inji yakan kai wajen 2,800 ko 3,000, injin kuma yana wata ƙara mai kaushi da ba na jin ta da rana. Idan na yi saurin sa giya ta uku, allurar takan faɗo wajen 1,200, motar ta riƙa karkarwa kamar za ta mutu, ni kuwa in danne totur har ƙasa. Maigidana wanda ya koya mini tuƙi ya hore ni da in bar mota tana silo na minti 15 kafin in motsa, ƙanena kuma ya ce ya karanta cewa hakan ɓarna ce, wani maƙwabcina kuwa da ya tayar da tasa yake ba ta wuta sau uku ko huɗu, wai don mai ya zagaya.

Abin da nake son sani shi ne, juyi nawa a minti za a iya bai wa inji ba tare da an cutar da shi ba alhali baƙin mai yana da sanyi, kuma ta yaya zan gane man ya yi zafi, tunda abin da ke gabana ma'aunin ruwa ne kawai? Domin cikar bayani, motar ta haura kilomita 300,000, kuma a juyen da aka yi mini na ƙarshe bakanike ya zuba mai lamba 50 ita kaɗai, ya ce tsohon inji ya fi son mai kauri. Allurar ruwan kuma ba ta cika kaiwa tsakiya ba sai na wuce Dang, wani gari da ke kan hanyar Garwa, da nisa, in na soma sauka Falez ma sai ta sake komawa ƙasa, abin da nake ɗauka alamar lafiyar lagireto ce.

Tsohon Direba, Garwa

Wa alaikumus salam. Yarona, ka bi maganar maigidanka, domin ba a banza ya faɗa maka ba. Na yi fiye da shekara 30 ina bin hanyar Ngawundare zuwa Kusseri, na fara da Peugeot 504, na koma babbar mota mai ɗaukar auduga da siminti, kuma ban taɓa motsa mota da safe ba sai na bar ta ta yi ɗumi yayin da nake duba tayoyi, ina ɗaure tamfol, ina shan shayi. Mutum ma in ya tashi daga barci ba a ɗora masa buhu a kai nan take. A babbar mota ko kana so ko ba ka so sai ka jira, tunda birkinta na iska ne, kuma ba za ka saki burki ba sai tankin iska ya cika.

Maƙwabcinka dai kada ka yi koyi da shi ko kusa. Na ga injin da ya buga a tasha da sanyin safiya saboda irin wannan wasa, yaron mota ya tayar ya danna totur don ya burge mutane, kafin mu ankara sai ƙarar ƙarfe. A nan ba ni da ja da kowa.

Amma in faɗa maka gaskiya, ina ganin wannan batu na sanyin mai damuwar Turawa ce da suke fama da ƙanƙara. Mu a nan zafi ne abokin gabarmu. A watan Maris da Afrilu Garwa tana haura digiri 40, kuma duk injin da na gani ya mutu a hanyar Waza ko ta Figil, tafasa ce ta kashe shi, gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Saboda haka in allurarka tana zama a ƙasa, ka gode wa Allah, motarka tana da sanyin jiki. Mai kaurin da aka zuba maka ma ban ga laifinsa ba, mu da shi muka saba. Ka ba ta minti goma ko sha biyar ɗinta, sannan ka hau tudunka da giya ta biyu ba tare da gaggawa ba.

Malamin Kanikanci, Marwa

Ina yi wa kowa sallama, ina kuma gaida Baba Tsohon Direba tare da neman izininsa in bambanta da shi a wasu wurare, ko da yake akwai inda maganarsa take daidai ƙwarai. Ina koyar da gyaran inji a wata makarantar fasaha, kuma wannan tambaya tana cikin waɗanda ɗalibai suke kawowa duk shekara idan hunturu ya kama.

Mu fara da man kansa. Lambobin da ke jikin galan, kamar 15W-40 ko 20W-50, ma'auni ne na ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE da ke Amurka. Lamba ta biyu tana nuna kaurin man a digiri 100 na ma'aunin Salsiyos, wato kusa da zafin da yake aiki a cikinsa idan inji ya kama hanya, ta farko mai harafin W kuwa tana nuna yadda yake gudana a cikin tsananin sanyi, kuma shi 15W a digiri 20 ƙasa da sifili ake gwada shi. Baba yana da gaskiya cewa ba mu da irin wannan sanyi, kuma babu safiyar da mai zai ƙi hawa famfo a Ngawundare ko a Njamena. Sai dai abin da inji yake ɗauka sanyi ya sha bamban da abin da fatar mutum take ɗauka. Mai 15W-40 a digiri 40, wato zafin tsakar rana a Garwa, ya ninka kaurinsa na aiki wajen sau bakwai, a digiri 15 kuwa ninkin yakan kusa talatin. Man da aka zuba wa mai tambaya, mai lamba 50 ita kaɗai, ba a haɗa shi don ya gudana da sanyi ba, kuma a irin wannan safiya kaurinsa ya fi ninki biyu na 15W-40 ɗin. Ke nan ko a ƙasarmu mai zafi, duk injin da ya kwana, mansa mai sanyi ne.

Ga abin da ke faruwa idan aka ba shi wuta a wannan hali. Famfon mai da juyin inji yake tafiya, saboda haka gwargwadon ƙaruwar juyi gwargwadon yawan man da yake turawa. Idan man ya yi kauri, matsi yakan hau da sauri, sai wani bawul da ke jikin famfon ya buɗe ya mayar da rarar cikin kaskon mai, domin kada filta ta fashe. A cikin filtar ma, ko a mazauninta, akwai wani bawul na biyu da ke buɗewa idan man ya kasa ratsa takardar tacewa, sai ya wuce cikin inji ba a tace shi ba, tare da duk ƙurar hunturu da baƙin hayaƙin da ke cikinsa. Wannan ne ya sa dabarar maƙwabcin nan ta zama akasin abin da yake nufi: matsi ya yi yawa, amma man da ke ratsa ƙananan hanyoyi zuwa saman inji da turbo bai ƙaru yadda juyi ya ƙaru ba. Shi turbo ɗin yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti idan yana aiki, a kan wani siririn ƙarfe da mai ne kaɗai yake riƙe da shi.

Bayan mai akwai ƙarfen. Fistin na alminiyum ne, jikin injin 2KD kuwa na baƙin ƙarfe ne, kuma alminiyum yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Masu ƙera inji sun auna tazarar da ke tsakaninsu don ta daidaita idan komai ya yi zafi, shi ya sa da sanyi fistin yake da ɗan sako-sako a cikin silinda, kuma yana daga cikin dalilan ƙarar nan mai kaushi da ɗan'uwanmu yake ji, tare da cewa gazuwal, wato man dizal, ba ya ƙonewa da laushi a cikin silinda mai sanyi. A lura kuma da cewa ƙarfin da fistin yake fizgar sandarsa da shi a duk hawa da sauka ba ya ƙaruwa daidai da juyi, ninkin-ba-ninki yake yi. Idan aka tashi daga 1,500 zuwa 3,000, juyi ya ninka sau biyu, fizgar kuwa ta ninka sau huɗu.

To, lamba nawa? Babu wata lamba guda da inji yake lafiya a ƙasanta ya lalace a samanta, kuma littattafan masu ƙera motoci galibi abin da suke cewa shi ne a guji juyi mai yawa da danne totur har ƙasa sai inji ya yi zafi. Ƙa'idar da nake bai wa ɗalibaina ita ce kada a wuce rabin hanyar zuwa jan layin da ke jikin agogo, kada kuma a taka totur fiye da rabi. A irin wannan Hilux hakan yana nufin a zauna tsakanin 1,500 da 2,000, in ta matsa a taɓa 2,200 ko 2,300 na ɗan lokaci, kuma babu asara a ciki tunda ƙarfin jan injin yana zuwa tun daga wajen 1,600. A motar fetur ana iya kaiwa 2,500 zuwa 3,000. Akwai wata BMW M5 da ta fito a 1998 wadda aka sa wa agogonta fitilu daga wajen 4,000 zuwa sama, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya gwargwadon yadda mai yake ɗumi, kuma ita ma in an duba, rabin agogon ne da ɗan ɗori aka bar wa direba da safe.

Amma ina jan hankalin mai tambaya cewa giya ta ukun nan da yake sawa ta fi ta biyun illa. Juyi 1,200 da cikakken lodi a kan tudu, totur a ƙasa, yana nufin kowace fashewar gazuwal tana sauka da dukkan nauyinta a kan metal ɗin karanshaf, waɗanda kanikawanmu ke kira kusine, a lokacin da famfo yake tura mai kaɗan. Karkarwar da yake ji ke nan. Abin da ya dace shi ne ya hau tudun a hankali, da giya ta biyu a wajen 2,000, in kuma ta ƙi ja ya koma ta ɗaya ya haura kamar mai tafiya a ƙasa, domin tudun ba zai ci masa fiye da 'yan mintoci ba.

Batun silo na minti 15 kuwa, a nan ne zan bambanta da Baba. A zamanin 504 mai kafireto da cok jiran yana da dalili, domin motar ba ta ma iya tafiya sosai kafin ta yi ɗumi, haka nan babbar mota dole ta jira iskar birki. Injin dizal irin na Hilux kuwa in yana silo bai shan ko lita guda a awa, saboda haka zafin da yake samarwa kaɗan ne, sai ya daɗe a cikin halin sanyin da muke gudu, gazuwal ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda yana gangarawa cikin kasko. A Jamus, inda sanyi ya fi namu nesa ba kusa ba, doka ma ta hana barin inji yana aiki ba tare da buƙata ba. Shawarata ita ce a murɗa makulli a jira fitilar hita, mai ɗumama silinda kafin a tayar, ta mutu, a tayar ba tare da taɓa totur ba, a tabbatar fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku, a ba shi minti ɗaya, ko biyu zuwa uku ga wanda tudu yake jiransa a ƙofar gida da lodi, sannan a tafi a hankali.

Game da sanin lokacin da mai ya yi zafi, ruwa yana riga mai ɗumi, domin shi yana zagaya kan inji inda wuta take, man kuwa kusan lita 7 ne kwance a kasko iska tana bugunsa daga ƙasa. Idan allurar ruwa ta zauna a mazauninta, a ƙara kamar tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta kai can. A lafiyayyar mota da ta tashi daga cikin gari, kafin a kai Dang, wato kilomita 15 ko makamancin haka, an gama wannan lissafi.

Sai dai akwai wata magana da ɗan'uwanmu ya jefa a ƙarshen tambayarsa wadda ta fi duk sauran ɗaukar hankalina. Malam, allurar da take komawa ƙasa a gangare ba alamar lafiya ba ce. Ka je a buɗe maka inda babban tiyon lagireto yake haɗuwa da inji, a duba ko tamostat, wanda aka fi sani da kalosta a garejinmu, yana nan kuwa.

Hajiya Mai Corolla, Njamena

Assalamu alaikum. Na amfana da wannan bayani, kuma ina roƙon Malam ya ɗan taɓa tawa matsalar tunda reshe ɗaya ce da ta mai tambaya. Motata Corolla ce mai shan fetur, mai canja giya da kanta, kuma tafiyata ta yau da kullum ba ta wuce kilomita 4 ba, daga gida zuwa makarantar yara, daga nan zuwa shagona. A watan Janairu safiyar Njamena tana da sanyi da ƙura, kuma idan na tayar da ita allurar juyi takan tsaya a wajen 1,300 ko 1,500 da kanta kafin ta sauko, abin da ya sa nake tsoron sa giya sai ta sauka. Tunda ba ni ke zaɓar giya ba, ban san yadda zan riƙe ta a ƙasa da 2,500 ba. Sannan a makon jiya da aka buɗe murfin da ake zuba mai, an ga wani farin abu kamar madara a manne a cikinsa, wani ya ce gasket ne ya ƙone, sai an sauke kan inji, alhali ruwan lagireto ba ya raguwa, motar kuma ba ta taɓa tafasa ba.

Malamin Kanikanci, Marwa

Hajiya, hawan juyin da kike gani da safe kwamfutar motar ce take yin sa da gangan domin inji ya zauna daram kuma ya yi saurin ɗumi, ba lalacewa ba ce, kuma ba sai kin jira ya sauka gaba ɗaya ba. Rabin minti zuwa minti ɗaya ya wadatar, ki dai danne birki sosai lokacin sa giya. Ita irin wannan mota da ƙafa ake zaɓar mata giya, domin in aka taka totur a hankali takan canja da wuri ta zauna a ƙasa da 2,500, in kuma aka danna da ƙarfi sai ta riƙe ƙaramar giya ta hau sama. Wasu ma sukan jinkirta shiga giya ta ƙarshe har sai sun yi ɗumi, wannan ma tsari ne.

Farin abin nan kuwa, kada ki yarda a sauke kan inji kafin a gwada abu mai sauƙi. Duk litar fetur da ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita guda a matsayin tururi. Mafi yawansa ta salansa yake fita, shi ne ɗigon da ake gani da safe, amma kaɗan yana ratsa ringin fistin ya shiga cikin inji, in ya tarar da ƙarfe mai sanyi ya koma ruwa ya gauraya da mai. Mai ba ya korar wannan ruwa da fetur ɗin da ya zubo cikinsa sai ya yi zafi sosai ya kuma daɗe a haka, tafiyar kilomita 4 kuwa tana ƙarewa ne tun kafin ya soma. Ki goge murfin, a duba sandar auna mai, in man da ke jikinta bai yi fari ba kuma ruwa ba ya raguwa, ki ba motar tafiyar minti 30 ko 40 a buɗaɗɗiyar hanya sau ɗaya a mako, ki kuma riƙa yin juye da lissafin watanni, kamar duk wata shida, ba da lissafin kilomita ba. In farin ya dawo duk da haka, sannan a yi gwajin gasket.

Wannan ya dawo da ni kan kalosta, domin cutar iri ɗaya ce. Aikinsa shi ne ya tare ruwa kada ya je lagireto har sai ya kai wajen digiri 82 a yawancin injinan Toyota, sannan ya buɗe. Kanikawa da yawa a Kamaru da Chadi da Najeriya suna cire shi su yar da zarar mota ta soma zafi, da hujjar cewa na ƙasar sanyi ne, alhali galibi laifin na lagireto ne da laka ta toshe, ko murfinsa, ko fanka. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Lafiyayyen kalosta in ya buɗe ba ya hana inji sanyaya a zafin Afrilu, rashinsa kuwa yana sa inji ya yini bai kai zafin aikinsa ba a hunturu. A injin 2KD abin ya fi muni, domin akwai wata na'ura da ruwa da mai suke musayar zafi a cikinta, wadda da safe take taimaka wa mai ya yi ɗumi, in ruwan ya ƙi zafi kuwa sai ta riƙa janye wa man nasa zafin. A gangaren Falez, inda ƙafa ba ta kan totur, gazuwal ba ya shiga, iska kuma tana dukan lagireto, injin da ba shi da kalosta yakan huce, a daidai lokacin da direba yake riƙe mota da giya juyi yana sama.

Tsohon Direba, Garwa

Malam, na karanta bayaninka har sau biyu, kuma batun giya ta uku a kan tudu na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin mu ma a babbar mota ba ma barin inji ya yi nishi, tun daga gindin tudu muke zaɓar giyar da za ta kai mu sama. Na kuma yarda cewa motocin yanzu ba irin namu ba ne. Amma a kan kalosta ina da abin cewa. Ba don jahilci kawai ake cire shi ba. Na taɓa ganin wanda ya maƙale a rufe tsakanin Mora da Waza, inda babu ruwa babu gareji, mota ta tafasa cikin 'yan mintoci, kuma da ba a cire shi a bakin hanya ba da a can za a kwana. Ga kuma jabun kaya da suka cika kasuwa, ka sayi sabo yau, bayan wata biyu ya ci amanarka. In za a mayar da shi, to a nemi na ainihi, a kuma gwada shi a tafasasshen ruwa a ga buɗewarsa da ido kafin a ɗaura. Minti goma na shayina kuwa, ni dai na riga na tsufa da su.

Malamin Kanikanci, Marwa

Baba, maganarku gaskiya ce, kuma cire shi a bakin hanya don a isa gari dabara ce mai kyau da ni ma zan yi. Kuskuren shi ne a isa garin a manta ba a sa wani ba har shekaru su wuce. Gwajin da kuka faɗa shi ne ainihin wanda muke koyarwa, sai dai mukan sa ma'aunin zafi a cikin tukunyar domin a ga ya soma buɗewa kusa da lambar da aka buga a jikinsa, ya kuma rufe idan ruwan ya huce.

Mai Hilux, Ngawundare

Ina godiya ga Baba da Malam da Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na jinkirta amsa ne domin in je in gani da idona. Ranar Asabar na kai motar gareji aka buɗe, kuma kamar yadda Malam ya yi zato, gidan kalosta wayam yake, babu komai a ciki sai tsatsa. Na sayi motar hannu na biyu shekara huɗu da suka wuce, ke nan duk tsawon wannan lokaci haka nake yawo da ita ina yabon lagireto. Na sayi sabo, muka dafa shi a tukunya a gaban mai shagon kamar yadda Baba ya ce, ya buɗe ya rufe, sannan aka ɗaura, aka wanke lagireto, aka zubar da mai lamba 50 ɗin duk da bai yi rabin wa'adinsa ba, aka zuba 15W-40 da sabuwar filta.

Na yi tafiya biyu zuwa Garwa tun daga lokacin. Ina ba ta minti biyu a ƙofar gida, in hau tudun da giya ta ɗaya har rabi sannan ta biyu, allurar juyi ba ta wuce 2,100 ba, kuma ƙarar nan mai kaushi ta ragu sosai, ko da yake ba ta ɓace gaba ɗaya ba a minti na farko. Allurar ruwa yanzu tana kaiwa mazauninta tun kafin in fita daga gari, ba na sake mata wuta sai na wuce Dang, kuma a Falez ta zauna inda take har na sauka Mbe. A zafin Garwa da azahar ma ba ta haura ba, amma zan ci gaba da sa mata ido idan bazara ta shigo, domin a nan ne maganar Baba za ta sha gwaji.

Abu ɗaya ya rage da nake son Malam ya duba mini. Tun da aka sa sabuwar filtar, fitilar mai takan ɗauki kamar daƙiƙa biyar ko shida kafin ta mutu a tashin farko na asuba, alhali in na kashe na sake tayarwa da rana nan take take mutuwa. Filtar ba ta kamfanin motar ba ce, domin ba a samu ba a ranar. Shin bawul ɗin da ke hana mai zurarewa daga cikinta da dare ne ba shi da kyau, in canja ta tun yanzu, ko kuwa in sa a auna matsin man da agogo tukuna?